Mai Buga Ƙararrawa

Shekara ashirin da biyu ina buga ƙarfen nan,
tsohon ƙarfen taya rataye a dogon-yaro,
firamaren Bunza, gab da fadama.

Ranar da ƙungiya ta ce a ajiye alli,
na ɗaga guduma, na rasa wa zan kira.
Awaki suka shiga aji huɗu,
suka cinye taswirar Malama Ladidi.
Yara suka tafi korar jan-baki a gonar shinkafa.
Sahabi bai dawo ba,
yana tura baro a kasuwa.

Amma kar in ci amanar gaskiya:
wata bakwai Malam Nomau na koyar da lissafi,
lissafin tuwon gidansa ya ƙi fita.
Bashin mai shago ya koya masa bin lungu.
Ƙungiya ce ta kafe a sakatariya
har albashi ya sauko kamar ruwan fari.

Ita ce kuma ta tare wa Malam Tukur faɗa,
wanda rajista ta san hannunsa, allo bai sani ba.
Aka zo ɗauke shi, suka ce namu ne.
Rumfa ba ta tambayar wa ya sha rana.

Jiya shugabansu ya zo taro.
Na ce, ranka ya daɗe, rufin aji biyu fa?
Ya duba takarda, ya ce ba ya cikin buƙatu.

Na koma gindin dogon-yaro.
Bakwai da rabi ta yi.
Na buga.