Kama da Wane

A Aiquile, daren Laraba, an kwashe kwanuka,
na ɗauki fitila zan kai ɗaki,
sai ga shi a bango, daidai saman gadon Wilder,
baƙi, siriri, tsawon gaɓar yatsa,
ya tsaya cik kamar an zana shi da gawayi.

Ban yi ihu ba.
A gidanmu ba a yi wa wannan ƙwaro ihu.
Vinchuca muke ce masa, ƙasa-ƙasa,
kamar sunan mai bin mu bashi.
Shi ke fitowa daga tsagar laka in dare ya raba,
ya sha jini a gefen leɓe, ya bar ƙazantarsa, ya koma.
Shekara ashirin ciwon na kwance bai ce uffan ba,
ran nan zuciyar babana ta kumbura,
ya kife tsakanin kunyoyin masara,
fartanya na hannunsa.

Mama Tiburcia ta taho da takalmi a ɗage.
Na riƙe mata hannu.
In kin murƙushe shi, wa za mu tambaya?
Na kifa masa kofi, na zura takardar kalanda,
muka juye shi a kwalbar da zuma ta ƙare.

Na tuɓe wa yaron riga yana magagi,
na duba wuya, na duba fatar ido, na duba bayan kunne,
na ja gadon zuwa tsakiyar ɗaki,
na zauna ina ƙirga numfashinsa.
Ƙwaron yana ta hawa gilashi yana zamewa.
Ni da shi, babu wanda ya runtsa.

Da safe, ɗakin shan magani.
Don Fermín ya ture shayinsa gefe, ya gyara tabarau,
ya birkice shi rigingine da ɗan tsinke.
Ya ce, Delfina, bar kallon fiffike,
launi ma yakan yi ƙarya.
Baki ake dubawa.
Mai shan ruwan ganye, nasa dogo ne, har ya wuce ƙirji.
Mai shan jini, gajere, a miƙe sak kamar allura.
To, leƙa nan.

Na leƙa ta madubinsa mai tsaga a gefe.
Bakin kakkaura, a lanƙwashe,
lauje sak, irin wanda babana ke ratayewa a bayan ƙofa.

Mafarauci ne, in ji shi.
Kyankyaso, asu, ɗan tsutsa,
har ita vinchucar in tsautsayi ya haɗa su.
In kin damƙe shi zai sare ki, zafi kamar harbin rina,
amma ba ya ɗauke da abin da kike tsoro.

Gwiwoyina suka saki. Na zauna a kan benci
ina dariya wadda rabinta kuka ne.

A hanya Mama ba ta ce komai ba
sai da muka wuce mai sayar da barkono.
Ta ce, na ji, kama da wane ba ta wane.
Amma mafarauci ba ya shiga dajin da babu nama.
Me ya gani a ɗakinmu?

Ranar muka fitar da katifa rana,
muka janye akurkin kaji daga jikin bango,
muka kwaɓa laka, tsaga bayan tsaga,
har hannuna ya yi kanta.

Da yamma Wilder ya buɗe kwalbar a gindin tarin itace.
Ƙwaron bai yi sauri ba.
Ya goge ƙahonninsa ɗaya bayan ɗaya,
ya naɗe laujensa a ƙirji,
ya shige duhu, wurin aikinsa.

Har yau in na ɗaga fitila
bango nake fara dubawa.