Ɗakin Ƙasa a Yantala

Matakala goma sha ɗaya na ƙidaya,
ta ƙarshe ta fi sauran zurfi, ta so kayar da ni.
Tsahara na gaba da tocila,
ni ina biye da jakar aiki, ƙarafa na faɗa a cikinta.

Ɗaki ne sosai. An shimfiɗa masa karo fari,
an shafe bango, har da kalanda,
sai dai sanyi ya riga kowa tarewa.
Na waje yakan tafi in hantsi ya dubi ludayi,
wannan kuwa daga gulbi yake biyowa ta ƙarƙashin unguwa,
ya kwanta cikin siminti, ya kama gwiwa.

Malam Tankari na bakin gado, safa biyu-biyu,
rediyo a cinya, bargo a kafaɗa.
Rijiya arba'in ya haƙa cikin duwatsun Adar
kafin ƴarsa ta ɗauko shi daga Tawa.
Ya ce sama jikoki sun yi yawa, talabijin ba ta barci,
shi ya zaɓi nan, babu wanda ya sauko da shi.
Wanda ya saba da gindin rijiya, in ji shi,
ba ya tsoron matakala.

Injin gidan na sama, bayan madafa,
wani Bature ya sayar da shi tare da ginin.
A watan Afrilu yana hura sanyi, da wannan aka san shi,
ba a taɓa juya maɓallinsa ɗaya gefen ba.
Na juya. Ya yi tari, ya yi ƙauri,
sannan ɗumi ya fito
irin numfashin saniya da asuba.

Tsahara ta ce, "Nomau, ja masa tiyo ɗaya, ya isa."
Na je Katako wajen masu naɗe kwano,
bututu kamu bakwai da gwiwa biyu,
jika tara, bayan mun yi ta ja kamar cinikin rago.
Na fasa cikin babban bututu, na dasa reshe,
na naɗe shi kada ɗumi ya tsiyaye a hanya,
na sauke bakinsa daidai idon sawu,
don ɗumi ƙanen hayaƙi ne, sama yake nufa.
In ka ajiye shi a rufi can zai kwana,
ya bar tsoho da ƙafafunsa.

Muka kunna, muka ja ƙofa, muka jira.
Na liƙa ƙyallen takarda a bakin raga.
Ta ɗaga kaɗan, ta koma ta kwanta.
Na duba haɗi, na kakkaɓe matata,
na zagi kuran a zuciya, alhali bai yi laifi ba.
Gumi a goshina, ɗaki na nan da sanyinsa.

Tsoho ya rage rediyo.
"Yaro, ka taɓa dulmuya gora a ruwa?
Sai ta yi ɓul-ɓul kafin ta sha.
Ka kawo baƙo, ba ka buɗe wa na ciki hanya ba.
Mu a ƙasa, iskar da ba ta fita
ita muke tsoro, fiye da zabtarewa."

Shekara goma sha biyu ina wannan aiki.
Na ɗauko zarto ban ce komai ba.
Na yanke gindin ƙofa taki biyu, na sa raga,
tsohuwar iska ta bi matakala ta koma wa injin.
Takarda ta miƙe, tana rawa.
Kafin in gama nannaɗe waya
Malam ya tuɓe safa ɗaya, ya ninke, ya sa aljihu.

Kwana uku Tsahara ta kira ni.
"Baba ya ce ragar ƙofarka
tana shigo masa da hayaniyar yara."
Na ce, "In zo in toshe?"
Ta yi jim. Ina jin cokula na ƙara a bayanta.
"A'a. Ya ce a bari."