Zoben Roba

Kafin zakaran gidan Cindo ya sake cara
na riga na kashe injin.
Ba a taɓa murfi ruwa yana gudu a bututu.
Sai ya yi tsit, ka saki iskar da ta taru,
ta fito da huci kamar kububuwar da aka taka,
sannan ka kau da fuska.
Warin kulorin ba ya sallama.
Bara ya shaƙe ni, na kwana uku ina tari,
Uwani tana dafa mini citta da kanumfari.

Gidan gona ne a bayan Kafin Hausa,
mai shi sau biyu yake zuwa a shekara.
Tafkin wankansa shuɗi, kamar an jiƙa bula.
Ni ban iya iyo ba.
Shekara shida ina kiwonsa kamar saniyar amana,
bai taɓa wuce mini gwiwa ba.

A wuyan murfin tulun magani akwai zobe,
baƙar roba, kaurinta bai kai na igiyar guga ba,
ko rabinta.
Duk faɗin ruwan nan a kanta ya rataya.

Ran da tsohon ya tsage
na je wurin Barau mai faci.
Ya yanko mini wani daga tayar babur,
ya ce roba ai roba ce.
Kwana tara ya yi.
Magani ya cinye shi, ya bushe kamar ƙanzo,
bakin murfi ya yi fari fat da ɓurɓushi kamar kanwa,
ruwa ya juya miyar kuka,
kwaɗi suka zo da dangi, har da na nesa.
Wani karon na shafa basilin don tausayi,
zoben ya kumbura, ya ƙi komawa ɗakinsa.
Jahilci ma yana da hannu mai taushi.

Sabon ya zo daga Kano a aljihun Ɗanliti direba,
guda biyu a ƙaramar leda,
kuɗinsu kwano uku na gero.
Na juya su a tafin hannu, na yi dariya ni kaɗai.

Yanzu na san hanyar.
Tsinken itace nake sa wa tsohon, wuƙa tana ƙwarzane gurbi.
In goge gurbin da farin tsumma
har ƙwayar yashi ɗaya ba ta saura,
don ƙwaya ɗaya ƙofa ce.
In ja sabon tsakanin yatsu a hankali, ido a rufe,
yatsa ya fi ido ganin tsaga.
Man silikon kaɗan, kamar kwalli a ido,
ya yi sheƙi kawai.
In kwantar da shi kada ya murɗe,
in juya murfi da hannu tsura.
Sifana tana rataye a ƙusa, can za ta zauna,
wanda ya matse da ƙarfi shi ke dawowa gobe.

In tada inji.
In tsuguna, busasshen tafi a ƙarƙashin murfi,
in ƙirga ɗari.
Babu ɗigo.

Ina tsugune Lantana ta wuce ta bayan waya,
jarka a ka, daga layin famfo tun asuba.
Murfin jarkar ba shi da zobe, leda ta cusa,
ruwa yana bin wuyanta har gadon baya,
yana zana layi a ƙasa daga famfo zuwa gidanmu.

Na biyun yana aljihuna.
Da yamma na gwada shi a bakin jarkar,
ya yi mata yawa, kamar hular uba a kan yaro.
Na mayar da shi leda.
Na ɗauki almakashin Uwani da ragowar robar Barau,
na zauna bakin ƙofa ina yanka.
Ruwan famfo ba ya cin roba.
Na ukun ne ya zauna daidai.