Ga Sawu Nan

Ƙarfe biyun dare, barci ya ƙi.
Nas Odile ta bar mini talabijin a kunne,
murya can ƙasa, don kada tsoho Orest ya farka.

Sai ga tafkin.
Baƙi da fari, kamar an watsa wa gilashin gishiri.
Sai ga kwalekwale da yara huɗu,
ta ukunsu, mai kitso biyu da giɓi a baki,
ni ce.
Aino, shekara goma sha ɗaya.
Yau gwiwa ta ƙi ni, ido ya yi hazo,
ita kuwa tana can tana tuƙi, ko haki ba ta yi.

Duk Asabar mutanen kudu suna kallonmu
muna kashe gobarar daji,
muna kama ɓarayin fatu,
muna ciro matuƙin jirgi daga fadama,
duk kafin a sako tallar sabulu.

A garinmu akwati ɗaya ne, a kantin Madam Thibault.
Masu haƙar ma'adinai su cika ɗakin, takalma na zubar ƙanƙara,
mijinta yana kan rufi da eriya a hannu,
yana ihu cikin iska: "Ya fito?"
Mu ce, "Juya kaɗan!"
Sau uku ya ga ƙarshen shirin a shekara biyu.

Bari in tona asiri, tunda masu asirin sun kwanta dama.
Beyar ɗin da ya kora mu kan bishiya
tsoho ne, bakinsa ba haƙori,
da burodi da zuma ake roƙonsa ya miƙe tsaye.
Gobarar, tayoyi ne aka ƙona bayan rumbun katako.
Sauro kaɗai ba a biya ba,
kuma shi ya yi aikinsa tsakani da Allah.

Réjean aka ba taswira, don gashinsa na ɗaukar haske.
Wilfred, ɗan mutanen Kri,
wanda kakarsa ta san sunan kowane rafi,
magana ɗaya aka rubuta masa duk mako.
Ya durƙusa, ya nuna ƙasa, ya ce:
"Ga sawu nan."

Amma akwai wani yammaci a watan Oktoba.
An naɗe kyamara, manya sun tafi shan kofi,
mu uku muka bi wata agwagwa mai karyayyen fiffike.
Hazo ya sauko, ya haɗiye tafki da hanya.
Réjean ya buɗe taswirar,
ashe bayanta jadawalin abinci ne.
Na yi kuka na gaske, wanda darakta ya sha nema bai samu ba.
Wilfred bai nuna komai ba.
Ya ɓare ɓawon farar bishiya,
ashana ɗaya, wuta ta kama.
Ya ce mu zauna, mai gudu shi daji ke ci.
Muka kwana baya da baya, kerkeci na kuka a hayin ruwa.
Da asuba ya saurari jiniyar mahaƙa,
ya kai mu har ƙofar mahaifiyata.

Wannan ba ya cikin fim.

An rufe mahaƙar, ciyawa ta gaje kantin.
Réjean ya sayar da inshora har zuciya ta tsaya.
Wilfred ya ja manyan motoci kan tafkin da ya daskare,
hunturu talatin, ƙanƙara ba ta taɓa cin amanarsa ba.
Ciwon suga ne ya yi.
Ban je jana'izar ba, sai bayan wata biyu na ji.

Ga shi yanzu ya durƙusa.
Na matso da keken guraguna har hancina ya kusa taɓa gilashi,
ko zan ga abin da yake nunawa.
Ɗigo-ɗigo ne kawai, baƙi da fari.

Orest ya motsa cikin bargo:
"Su wane ne yaran nan?"
Na ce, "Koma barci.
Ɗaya daga cikinsu ne ya san hanya."