Tuna Mini Gobe

A Valparaíso, can saman tashar jiragen ruwa,
inda matakala ɗari da ashirin ke cin gwiwa,
nan shagona yake, shuɗi, mai ƙofa mai kuka.
Ofelia nake. Ina buga katin aure da na makoki
da 'yan takardun da ake manna wa kwalaben zuma.

Kullum da safe, kafin buta ta fara tsaki,
wani ɗan akwati kan leƙo a fuskar kwamfuta
da ladabi irin na mai bin bashi:
Sabuwar manhaja ta iso. Yanzu, ko gobe?
Hannuna ya san hanyar ko da ido a rufe.
Gobe.
Goben ta haifi gobe, ta yaye, har ta ga jika.
Wata goma sha ɗaya ke nan.

Isidro, ɗan 'yata, ya hauro yana haki.
Kaka, in ji shi, gidanki ba ƙyaure.
Kamfanin ya janye mai gadinsa tun bara.
Ɓarawon yanzu ba ya haura katanga,
ta cikin waya yake shigowa, ba ko takalmi.

Na ce, to injin yanka takarda fa?
Wancan mai tari, da Baltasar ya saya
hannun wani matuƙin jirgi da ya ci bashi.
Yare ɗaya yake ji, na tsohuwar manhaja.
In sabuwa ta yi masa magana ya yi kunnen uwar shegu,
kai za ka yanka min katin da almakashi?

Ya yi shiru. Ni ma ban faɗi sauran ba.

Ban ce masa komai na nan inda Baltasar ya bar shi ba:
hotonmu a bakin teku, a karkace, kaina rabi,
jakar fayil da ya raɗa wa suna Kar A Taɓa,
wadda ba komai ciki sai lissafin tawada,
da wasan kartar da yake yi in ciniki ya kwanta,
makinsa na ƙarshe na nan a sama, dubu huɗu da tara.
Shekara shida ina kai wa lambar hari
ina kuma addu'ar kada in wuce ta.

Daren Talata ƙasa ta motsa,
irin motsin da mu nan ba ma tashi dominsa.
Kofi biyu suka faɗo. Fitila ta lumshe.
Da wuta ta dawo, kwamfutar ta daɗe tana tunani,
baƙi ƙirin,
ni kuma tsaye a kanta da rigar barci
kamar mai jiran likita ya fito.
Ta farka.
Amma na riga na ga abin da na gani:
ashe a kan tsohuwar igiya na shanya duk abin da ya rage.

Isidro ya zo da wani abu kamar ɗan yatsa,
ya kwashe Baltasar kaf ya zuba a ciki,
hoton, tawadar, ya ce watakila har da makin.
Watakila.
Na ɗaure shi da zare na rataya a wuya.

Akwatin ya leƙo. Yanzu, ko gobe?
Tsuntsayen teku na ta gardama a kan rufi.
Na danna.

Kada a kashe, in ji allon. Kashi bakwai cikin ɗari.
Injin yanka na gefe, bai ce uffan ba.
Kashi tara.
Ga takun Eduvigis mai zuma a matakala,
tana hutawa a ta sittin, kamar kullum,
ta zo karɓar takardunta,
ni kuwa ban san me zan ce mata ba tukuna.
Na ƙara ruwa a buta.
Kashi goma sha ɗaya.