Gwangwanin Lorna

A ɗakin baya na dillalin motoci, nan Duluth,
wani yaro, Corbin, haƙora fari fat,
ya turo mini takarda ta kan tebur.
"Garantin kamfani ya ƙare a hannun mai ita na farko.
Dala dubu biyu da ɗari huɗu, shekara biyar,
ka yi barci har da minshari."
Lorna ta taka ƙafata a ƙarƙashin tebur.
Na yi kunnen uwar shegu. Na sa hannu.

Ba ta ce uffan ba sai da muka kai bakin tafki.
"Arvo, kowa ya sayi rariya
ya san za ta zubar da ruwa."
Daren nan ta juye biskit a faranti,
ta wanke gwangwanin, ta ɗora shi kan firji.
Ban tambaye ta ba.

A kaka ta uku muka binne ta.

A sanyi na huɗu, kan gangaren da ke sauka tashar jiragen ruwa,
ƙanƙara da gishiri sun cuɗe a titi,
giya ta yi gurnani irin na kare mai ciwo
ta ƙi shiga.

Pheng makaniki ya goge hannu a wando,
ya karanta takardar yana matse ido,
don rubutun nan kamar sahun tururuwa yake.
Ya ce, "Kira su. Amma ka ci abinci tukun."
Minti arba'in da bakwai suna busa mini sarewa a kunne
kafin wata murya mai zaƙi ta ce:
giya tamu ce, robar da ta yi yoyo taka ce,
kuma sashe na goma sha huɗu na son shaidar
kowane juyen mai tun ranar saye.
In babu ɗaya, babu duka.

Na zauna a kicin ban kunna fitila ba.
Ni da ban san inda na ajiye tabarauna ba,
ina zan samo rasit ɗin shekara huɗu?
Sai idona ya hau kan firji.

Goma sha ɗaya. A jere, an ɗaure da zaren ulu.
Bayan kowanne, kwanan wata da adadin mil
da rubutunta mai karkata hagu.
Na tara, alƙalamin ya yi rawa, don lokacin ciwo ya ci ƙarfinta.
Biyun ƙarshe ɗiyarmu ce ta saka.
Ashe har wasiyya aka bari, ban sani ba.

Sun biya dubu ɗaya da ɗari tara.
Ni na cike sauran, har da kuɗin janwe.
Yi lissafin da kanka, ni na gaji.
Maƙwabcina Gunnar a banki ya zuba nasa,
motarsa ko tari ba ta taɓa yi ba.
Ƙanwar Pheng kuwa sabon inji suka sa mata, ko kwabo ba ta biya ba.
Caca ce, kuma mai gidan caca ba ya kwana da yunwa.

In ka tambaye ni ko a saya,
zan ce: karanta sahun tururuwan nan da rana tsaka,
ka nemi abin da ba su ɗauka ba kafin abin da suka ɗauka,
sannan ka duba ko kana da mai taka maka ƙafa.

Har yau waya na ƙara, yawanci ranar Talata.
Wani kamfani ne da ban taɓa jin sunansa ba:
"Muna neman Lorna, garantin motarta na gab da ƙarewa."
Na san tarko ne.
Amma nakan bari su faɗi sunan sau biyu
kafin in ajiye.