Ladan Yamma

Ran Lahadi katekis Kaldapa ya karanta mana
labarin mai gonar inabi,
wanda ya ɗebi 'yan ƙodago tun da asuba,
ya koma da hantsi, ya koma rana tsaka,
ya sake komawa da la'asar sakaliya,
da yamma kuwa ya biya kowa daidai wa daida.
Jama'a suka ce amin.
Ni bakina bai buɗu ba.

Ɗan dako ne ni a lambunan albasa na Maskin.
Na san inda buhu ke cizo a bayan wuya,
na san gishirin da gumi ke zanawa a riga
in ya bushe ya sake jiƙa.
A raina na ce, ya Yesu, kai ma ka riƙe gizago,
ka taɓa ganin an biya mai kujera ɗaya
kuɗin mai kujera goma?
Gwada haka a Marwa ka gani,
gobe ba mai tashi kafin zakara.

Na kai maganar gida. Matata tana dama kunu,
ta ce, kai da kake rigima da Linjila,
zo ka taɓa goshin 'yarka.

Litinin, zafi. Talata, zafi.
Daren Laraba Maiwore ta daina gane muryata.
Na goya ta da zanen uwarta har asibiti,
na zauna a benci da kati a hannu,
ina kallon inuwar dalbejiya
tana janyewa daga ƙafata tana komawa gindinta,
ina ƙirga buhunan da wasu ke ɗauka a madadina.
A nan wata kalma ta dawo mini
wadda fushi ya hana ni ji ran Lahadi:
mutanen yamman nan ba barci suka yi ba.
Tsaye suka wuni a kasuwa,
ido a kan hanya, ba wanda ya kira su.
Ashe tsayuwa ma kaya ce,
sai dai ba ta barin shaida a riga.

Da aka ɗaura mata ruwa ta yi barci,
na ruga lambu rana ta riga ta sunkuya.
Buhu huɗu na samu kafin babbar mota ta cika.

Mai lambu ba mutumin cikin karatu ba ne,
littafi ya buɗe, ya lashi yatsa, ya kira suna.
Da ya zo kaina ya ce, goma sha tara.
Na ce huɗu.
Ya ce, abin da aka rubuta na karanta, karɓi ka matsa.

Na waiga. Jonga yana wanke ƙafa a bakin rijiya,
Jonga da muka yi cacar baki bara a kan aron keke,
tun daga nan gaisuwarmu ta zama ta ɗaga gira.
Kusa da shi Siddiki yana shimfiɗa buhu zai yi magariba.
Ba wanda ya dube ni.
Wuyan rigunansu fari fat da gishiri,
nawa ko laima bai gama yi ba.

Jaka uku da 'yan canji.
Na sayi maganin da aka rubuta, da lemo biyu.

Ya Ubangiji, har yanzu ban iya lissafinka ba.
In na ce na gane, na yi ƙarya.
Abin da na sani, Maiwore ta tsotsi lemon nan
ta yamutsa fuska ta ce da tsami,
ni kuwa ban taɓa jin ƙorafi mai daɗinsa ba.

Lahadi mai zuwa wani karatu za a yi dabam.
Amin ɗin wancan yana nan a bakina, na makara da shi.
Na kawo maka yanzu, da yamma,
tun da na ji kana karɓar na yamma.
Gobe kuma zan tura wa Jonga kekena,
ko bai tambaya ba.